Rezar Babanka da Mai Baki Uku

Assalamu alaikum wa rahmatullah, autana Nafi'u.

Gaisuwa ce daga Kiru, tawa da ta babanka, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare min kai a inda idona ba ya kaiwa, Ya haɗa ka da abokan zama nagari, Ya sa shugabanninka su ji tausayinka. Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Ɗanladi direba ya biyo ya gaishe mu da ya dawo daga kai albasa garin da kuke. Ya ce ya samu ganinka ranar ziyara a makarantar horon 'yan sanda, ka ɗan rame amma kana dariya. Na lura yana kauce wa idona, sai na matsa masa da tambaya. Ya ce, "Inna, gaskiya wuyansa ne ya yi ƙuraje, tun daga ƙarƙashin haɓa har maƙogwaro. Kullum da safe sai sun yi aski, in aka ga gashi a fuskar mutum hukunci ne. Shi kuma a kan ƙurajen yake bi, har wuyan rigarsa na jini."

Na ce, "Da me yake askin?"

Ya ce, "Da shebin sitik ɗin nan mai baki uku, wadda ake cire kanta a sa wani."

Babanka yana kan kujerarsa a bakin ɗaki, ya ji komai. Ya shafa nasa wuyan da hannun hagu, ya dube ni, ni ma na dube shi.

Tunda an karɓe muku wayoyi, dole na koma ga biro da takarda. Na san za ka ce me Inna ta sani a kan askin maza. To, ka samu wuri ka zauna.

Kana makarantar kwana lokacin da babanka ya faɗi a gonar Ba'awa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Kai ka dawo hutu ne ka tarar da shi a zaune, fuska fes kamar yadda ka saba ganinsa, wataƙila ka ɗauka Baba Ɗanjuma wanzami ne ke zuwa. Ya zo ɗin, farkon dawowarmu daga asibiti. Amma a lokacin bakin babanka ya karkace, yawu yana zubo masa bai sani ba. Da aka ce ga wanzami a zaure, sai ya juya fuskarsa bango. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin kaki yana aikin gandun daji a wajen Doguwa, wanda ko a tsakiyar daji ba ya fita sai ya gyara fuska, bai yarda abokin hirarsa ya gan shi a haka ba. Na fita na ba Baba Ɗanjuma haƙuri, ya tafi yana share ido.

Gashi ya yi ta tsirowa. Ka san babanka, ɗan gemun haɓa kawai yake bari, kumatu da wuya kuwa ba ya haƙuri da su. Wata Juma'a da hantsi na gan shi yana ta nuna min saman kabad da ido. Na ɗauko gwangwanin da yake ajiye kayan askinsa. A ciki akwai rezarsa ta ƙarfe, irin wadda ake murɗe mariƙinta ta buɗe, a kwantar da reza guda ɗaya a ciki, a sake murɗewa. Na ce, "Malam, ni? Ban taɓa ba fa." Ya lumshe ido, ya ɗaga haɓa.

Ga kuskurena na fari. Na ɗauka aski kamar kankare ƙanzon tukunya ne, in kana so ya fita sai ka danna. Ban jiƙa masa fuska sosai ba, na ɗan goga sabulu sama-sama, ga kuma tuwo a wuta ina sauri. Na danna ƙarfen nan a ƙasan muƙamuƙinsa na dama, na ja. Bai motsa ba, don ɓarin nan ba ya jin komai. Ni kuma na ci gaba ina murna, ashe na yanke shi. Sai da na ga ja yana bin wuyan farar rigarsa sannan na saki ƙarfen a ƙasa na fashe da kuka. Shi kuwa sai ga rabin bakinsa yana dariya. Da ƙyar ya haɗa kalmomin, ya ce, "Ba... ragon layya... ba ne."

Auta, wannan ce dariyarsa ta farko tun faɗuwarsa. Ina kuka ina dariya na danne wurin da tsumma.

Abin da na koya a ranar shi ne, ta ƙarfe ba a danna ta. Nauyinta ya ishe ta aiki, hannunka jagora ne kawai. Ka fara jiƙa fuska da ruwan ɗumi har gashin ya yi laushi. In babu ruwan ɗumi a inda kuke, ka yi askin bayan wanka, ko ka roƙi masu kicin su sam maka a kofi. Ka yi kumfa mai kauri da sabulu, ka ja fatar da yatsun ɗayan hannun ta miƙe, sannan ka riƙa ja gajere-gajere, kana ɗauraye rezar a ruwa. Kuma kada ka fara aski alhali kana da wata tukunyar a wuta. Ka tashi kafin abokanka in ta kama. Ƙaramin barcin da za ka rasa bai kai fatar wuyanka ba.

Amma ni a lokacin ban tsaya koyon wannan ba. Tsoro ya kama ni, na mayar da ƙarfen gwangwani, na ce ni da shi har abada. Baffanka Isa yana shiga Kano sarin kaya, na gaya masa damuwata. Ya ce, "Yaya, ai an daina yayin wannan. Bari in kawo miki ta zamani, ko makaho zai yi aski da ita." Ya kawo min mai baki uku, irin taka.

Ba zan yi mata ƙarya ba, ranar farko har godiya na yi wa wanda ya ƙirƙiro ta. Kanta yana lanƙwasawa yana bin fuska da kansa, ba sai ka san yadda ake karkata hannu ba. Ba ta saurin yanka fata. Kafin ruwan shayi ya tafasa na gama. Na riƙa shafa kumatun babanka ina cewa, "Malam, ka koma ango."

Nan na yi kuskure na biyu, kuma shi ne nake zaton kai ma kake yi. Son in ji fuskar ta yi sumul ya sa na riƙa jan ta daga ƙasa zuwa sama, ina saɓa wa kwanciyar gashin, ina maimaita wuri ɗaya har sai yatsana bai ji ƙaiƙayi ba. Ga shi kawunan canjin ba a samunsu a kasuwar Kiru, sai an shiga Kano, kuma da tsada. Saboda haka na riƙa lallaɓa kai guda ya daɗe. Tsakanin bakunan nan ya cushe da gashi da busasshen sabulu, ina ɗaurayewa ba ya fita, har da tsinken tsintsiya na sa. Ta daina yanka, ta koma fizga. Babanka yana yamutsa ɓarin fuskarsa mai lafiya, ni kuma ina cewa ya yi haƙuri an kusa.

Ƙuraje suka feso masa a wuya kamar an watsa gero. Wasu suka yi ruwa, wani guda ya kumbura ya zama maruru, har zazzaɓi ya rufe shi. Muka sa shi a mota zuwa asibiti. Malamin asibitin da ya duba shi, wani dattijo mai sanyin magana, ya sa a kawo abin da nake askin da shi. Ya juya ta a hannu ya ce, "Hajiya, wannan ai ta daɗe da mutuwa, ke ce ba ki yi mata jana'iza ba."

Sannan ya yi min bayanin da har yau ban manta ba. Ya ce gashin irin namu nannaɗaɗɗe ne. Mai baki da yawa, bakin farko yana jawo gashin, na bayansa su yanke shi can ƙasa, sai ya koma ya shige cikin fata. In ya tashi tsirowa, maimakon ya fito waje sai ya lanƙwashe ya soki fatar daga ciki, shi ne ƙurjin. Ya ce ba kowa take yi wa haka ba, akwai masu amfani da ita lafiya lau, amma mai irin fatar maigidana gara masa baki ɗaya mai kaifi, a bi kwanciyar gashi, kada a nemi sumul ɗin da ya wuce kima. Ya ce a bar wuyan ya huta har ya warke.

Kai kuma fatar babanka ka ɗauko, tun kana jariri na sani. Don haka ka ji ni da kyau. Ka je asibitin makarantarku ka nuna musu wuyan nan, ka nemi su ba ka izinin hutun aski har ya lafa. Wannan ba ragwanci ba ne. Na san halinka, gara ka yi ta jini da a ce ka kai ƙara. Ni ma irin wannan taurin kan ne ya sa na kai babanka ga zazzaɓi, ina ganin ƙuraje ina cewa gobe za su baje. In ya warke, ka sa yatsa ka shafa wuyanka ka gane inda gashin ya kwanta, don na wuya ba hanya ɗaya yake bi ba, wani ya yi ƙasa, wani ya yi gefe. Inda ya kwanta nan za ka bi. Masu duba ku da safe ido suke sawa, ba shafawa suke ba.

Da wuyan babanka ya warke na koma ga gwangwani, na ɗauko abin da na rantse na bari. A wannan karon na je har gidan Baba Ɗanjuma na durƙusa na ce ya koya min. Ya sa aka kawo ƙwarya, ya shafa mata sabulu a baya, ya ce in yi ta ja har hannuna ya daina rawa. Matansa suna leƙe suna dariya. Ban damu ba. A hankali na gane daɗin ta ƙarfe. Rezarta ko a teburin mai shago na bakin titi akwai, kuma araha, don haka ba ka jin ciwon yar da ita da zarar ta fara ja. In ka kwance ta, komai a fili yake, ka wanke, ka goge, ka bar ta ta sha iska. Ba ta da lungun da datti zai ɓuya. Bayan an gama sai in jiƙa ɗan dutsen alif in goga masa, ya ɗan yi zafi, sannan in shafa man kaɗanya kaɗan. Tun daga nan ƙurji sai dai jefi-jefi.

Tsofaffin rezoji kuma kada ka yar a shara. Ni na yi, na kuwa taka guda da tsakar rana ina shanyar masara, na yi kwanaki ina ɗingishi. Ka samu gwangwani mai murfi ka riƙa tarawa.

Kuskure na uku kunya ce ta jawo shi. Lokacin bikin yayarka Bilkisu gida ya cika da baƙi daga Tudun Wada. Da safen ɗaurin aure wani ɗan uwan kakarka ya aiko a ba shi aron abin aski. Baƙo ne, babba ne, ga mutane. Bakina ya yi nauyi, na ɗauki ta babanka yadda take, da rezar a ciki, na bayar. Aka dawo da ita na ɗauraye kawai na ajiye. Ba a daɗe ba wani zagayayyen tabo mai ƙaiƙayi ya fito wa babanka a kunci, muka yi ta fama da magani. Da na gaya wa malamin asibitin nan, sai ya ɓata rai, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce, "Hajiya, ki gode wa Allah a fata ya tsaya. Akwai cututtukan da ke bin jini, kamar ciwon hanta, reza tana iya ɗauko su daga wani ta kai wa wani, kuma mai ɗauke da su sau da yawa shi kansa bai sani ba."

A inda kake, kuna kwana ɗaki ɗaya da samari da yawa, dole wani zai ce ka ara masa. Ka ba da sabulunka, ka ba da garinka da sukarinka, ka ba da bargonka in wani yana zazzaɓi. Reza kuwa a'a, kuma kai ma kada ka karɓi ta kowa. Ba sai ka ɓata wa mutum ba. Ka sayi irin 'yan robar nan masu araha da ake yarwa, ka ajiye a akwati. Wanda ya tambaya ka miƙa masa sabuwa ka ce, "Riƙe, na bar maka." Ka fita kunyarsa, ka kuma tsira da lafiyarka. Ni sai bayan na sha wuya wannan dabarar ta zo min.

Saura guda, ita ce ta fi yi min nauyin rubutawa.

Wata Juma'a ce cikin kaka. Ga masu kawo dawa daga gona suna sallama, ga awaki sun ɓalle sun shiga rumbu, ga bayana yana ciwo tun asuba. Babanka ya zauna a kan tabarma yana jirana da tawul a wuya. Ina cikin yi masa kumfa sai na yi ajiyar zuciya, na ce a hankali, "Ni kam yaushe zan huta?" Wallahi ba da shi nake ba, da ranar nake. Amma fuskata tana dab da kunnensa, kuma kunnen nan lafiyarsa lau.

Na gama, na tafi sabgata. Juma'ar da ta biyo na ɗauko gwangwani, sai ya girgiza kai. Ta gaba ma haka. Na ce ko jikin ne, ya ce a'a. Gashi ya rufe masa kumatu, ya daina fitowa bakin ɗaki. Ni da wautata ban haɗa wannan da waccan magana ba.

Ran nan na dawo daga gidan suna da azahar, na tarar da ƙofarsa a saye. Na tura. Yana zaune ya jingina madubi da filo, tsohuwar mai baki ukun nan da na jefa a kabad tana hannunsa na hagu, ya sa mata sabon kai guda da na yi ta tattali, da haƙoransa. Fuskar nan kamar gonar da aka yi wa noman ganin dama, nan a aske, can a bari, kumfa har cikin kunne. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya dube ni ya ce, "Ki... huta."

Na durƙusa a gabansa na ce, "Malam, ka yafe min. Bakina ne ya yi suɓul, wallahi ban gaji da kai ba." Sannan ya miƙo min abin askin, amma da na kai hannu sai ya janye, ya nuna kumatunsa ya nuna ƙirjinsa, ya nuna wuyansa ya nuna ni.

Haka muka raba aikin, kuma haka muke har yau. Kumatu nasa ne, yana yi da kansa da mai baki uku, don ita ce hannun hagu mai rawa zai iya riƙewa ba ta yanke shi ba, kuma a kumatu ba ta cika yi masa ƙuraje ba. Baffanka yana kawo kawunan a kan kari, ba na bari su tsufa. Wuya kuma nawa ne, da ta ƙarfe. Ka ga abin da na tsana ita ce ta mayar wa babanka da abin da ni ban iya ba shi ba, wato ya yi wa kansa wani abu da hannunsa. Shi ya sa ba zan ce maka ɗaya ta banza ce ba. Ranar da aka tashe ku a gigice, babu ruwa babu lokaci, mai baki uku da sabon kai za ta fitar da kai, in ka bi da ita a hankali ba ka maimaita ba. Amma askin yau da gobe, a wuya irin naka, ta ƙarfe ce.

Aikin da ka shiga kuma zai riƙa haɗa ka da mutane a ranar rauninsu, wanda aka yi wa sata, wanda ya ɓata hanya, tsohon da bai san yadda zai yi bayani ba. Ka kula da abin da ke fita bakinka in ka gaji. Mai rauni yana jin abin da mai lafiya ba ya ji, kuma yana ajiyewa.

Da na gaya wa babanka zan sa Baffa Isa ya nemo maka ta ƙarfe sabuwa a Kano, sai ya buga sandarsa a ƙasa. Ya sa na ɗauko gwangwanin, ya ciro tasa, ya daɗe yana goge ta da bakin rigarsa. Na ce, "Malam, to kai fa?" Ya ce shi a sayo masa sabuwar. Na ce ai yaro shi ya fi dacewa da sabo. Ya girgiza kai, ya ɗora min ita a tafin hannu, ya rufe da nasa. Ya ce, "Wannan... ta san... fatar gidanmu."

Tana cikin ƙunshin da Ɗanladi zai ba ka, na tafasa ta na naɗe a farin ƙyalle. Akwai rezoji sababbi, da alif, da man kaɗanya, da ƙuli-ƙuli da za ka raba da abokan ɗakinka. Ranar farko wataƙila ka ɗan yanke. Kada ka mayar da ita akwati kamar yadda uwarka ta yi.

Ka riƙe salla a kan lokacinta, ka riƙa addu'a kafin ka fita. Allah Ya warkar da wuyan nan, Ya kare ka daga sharrin ƙarfe da na baki, Ya sa ka gama lafiya, Ya dawo mana da kai muna raye. Babanka ya ce in ka zo hutu, Juma'ar farko kai za ka yi masa wuya, zai ga ko ka iya.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Inna